An Liƙe Wa Hanan "Ba Na So"

Ku gaya min, yarinyar da ba ta magana ma sai an toshe mata baki?

Ƙanwata Hanan da na'ura take magana: ta danna hoto, na'urar ta faɗa. Na'urar 'yar gwanjo ce daga kasuwar Sharafiyya, Sifaniyanci kawai take yi. Wata uku ina koya mata danna "ba na so".

Jiya Gwaggo ta miƙo mata madara, Hanan ta danna hoton "ba na so". Yau na tarar an liƙe hoton da salatif.

"Gwaggo, don me?"

"Halas, ya isa haka! Yaro ba ya ƙin abin manya, ko da yaren Turawa ne."

Hanan ta shanye madarar yau tana hawaye.

Na ɓare salatif ɗin. Duk mai goyon bayan Gwaggo, sai ya amsa min nan, gaban kowa: da me Hanan za ta ce a'a?