Baƙuwar da Ta Raka Ni Gaida Suruki

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta ranar da na fara zuwa gaida mahaifin matata a Tsohon Birnin Gwari.

Da damina ne. Kawuna ya ba ni aron babbar rigarsa wadda ta daɗe a rataye a wani ɗakin ajiya mai laima. Don ɗoki ko kakkaɓe ta ban yi ba, na zura muka hau mashin. Mahaifin yarinyar tsohon malamin kimiyya ne, mutum mai kwarjini, kuma an ce ya kori manema da dama. Tun a hanya Kawu ya gargaɗe ni: "Ka sunkuyar da kai, ban da motsin banza."

Muna durƙushe a zaure ana gaisawa, sai na ji wani abu yana tafiya a gadon bayana, a karkace kamar ƙaguwa. Na cije. Ya hauro kafaɗa, na shiga karanto duk addu'ar da na sani a zuci. Can wani abu siriri kamar zare ya shafo kunnena. Da na saci kallo, sai ga wata halitta mai faɗi, da hannaye biyu masu ƙaya.

Kawu ya daka tsalle ya rarumi takalmi. "Kunama! Wallahi kunama ce!"

"Kada ka taɓa ta, Alhaji!" in ji dattijon. "Kai kuma yaro, kada ka motsa." Ya sa tabarau ya matso, fuskarsa cike da fara'a kamar wanda aka yi wa haihuwa. "Ina wutsiyar? Babu. To da me za ta yi harbi?"

"To gizo-gizo ne," Kawu ya amsa daga bakin ƙofa.

"Ba shi ba ne. Ba ta saƙa, ba ta da dafi. Dangi ne dai, amma gidanta daban."

Nan fa aka buɗe aji, kafaɗata ce allo. Ya nuna wa Kawu cewa da ƙafa shida take tafiya, biyun gaba kuwa sun zama bulala da take laluben hanya da su. Ya ce a ɓawon itatuwan daji da bakin rijiya take zama, kyankyasai take ci, kuma tana da 'yar'uwa mai wutsiya kamar tsumagiya da ke fesa ruwa mai tsami. Gumi yana ta tsiyaya a hancina. Sai ya ƙara da cewa wannan ta kafaɗata idan ta ƙyanƙyashe, a baya take goya 'ya'yanta.

Jikina duka ya ɗauki ƙaiƙayi. Na ce, "Baba, da yaran ta zo?" Maganar farko ke nan da na taɓa yi wa surukina.

Ya yi dariya har da share hawaye. Ya miƙa tafin hannu ta hau, ya kai ta bayan rijiya ya saki. Da ya dawo ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, a sa rana. Wanda ya iya zama da wannan a kafaɗa zai iya zama da 'yata."

Tun ranar na gane cewa yawancin abin da muke saurin kashewa, laifinsa kawai ba mu san shi ba. Na kuma gane cewa idan tsoro ya sandarar da kai ka yi shiru, mutane haƙuri za su kira shi.