Fitilar Bayan Lorin Maccido

Maccido direba ne, kuma shi da bakinsa yake cewa a duk Illela ba a taɓa yin direban da mota ta raina kamarsa ba. Ɗan masunta ne daga Kalmalo. Ya jefa taru ya kamo ƙafar kawunsa, aka ce ya je ya nemi wata sana'a, ya faɗa tasha. Shekarun farko na mulkin kai sun same shi yana jan tsohuwar lorin Alhaji Halliru, yana kai albasa da fasinja Sakkwato.

Lorin ba ta da aibu sai fitilar baya. Yau ta kama, gobe ta ɗauke, jibi ta yi ta ƙifce kamar mai jin barci. In Ƙonni za a, nan ƙetaren iyaka, lafiya lau. In Sakkwato ce, kafin magariba ta mutu. 'Yan doka suka tare shi, suka sake tarewa, har Alhaji ya gaji da zuwa ba da haƙuri.

"Maccido, in an sake kama wagga mota, ka aje mini makulli."

"Ranka shi daɗe, ai fitilar ce..."

"Fitila na ɗauka aiki, ko kai?"

Ya kai ta wurin Lawwali bakanike. Aka canza ƙwan fitila, aka bi waya tun daga batir, aka kankare tsatsa. Duk lokacin da Lawwali ya kunna, sai ta kama fes.

"To mi ne ciwonta? Ga ta tana ci."

"Gabanka take ci, Lawwali. Kunyarka take ji. Ni kuwa ta san ni."

Mu 'yan tasha ba mu bar shi shi kaɗai ba, muka taimaka da abin da muka iya. Muka zauna a inuwa muka yanke cewa hannu aka sa masa, har muka fara zaɓen wanda ya sa. Maccido ya fi kowa yarda. Ya kai kuka wurin mahaifiyarsa, Inna Fati, ya nuna mata fitilar da yatsa.

"Nan suka kama ka? Bar ni da su," in ji ta.

Washegari, ranar Sakkwato, fitila ta ƙi kamawa tun a tasha. Lawwali ya fusata ya kwance gilashin gaba ɗaya, sai baƙin ruwa ya zubo masa a ƙafa. Ya lakata ya sansana.

"Maccido, motarka makarantar allo take zuwa? Wanga ai tawada ce."

Maccido ya koma gida ya durƙusa. Inna Fati ba ta ɓoye komai ba. Tun da ya fara tuƙi take karɓo rubutu wurin malam, ruwan addu'ar da aka wanko daga allo, ta yayyafa wa bayan mota duk safiyar da zai yi tafiya mai nisa. Ƙonni kusa ce, ba ta ɓata rubutu a kanta. Da ya nuna mata inda magabta suka kama, sai ta juye ƙwarya guda a wurin.

"Inna, a dinga rage..."

"In rage mi? Kai wanga, so kake su gama da kai?"

Ya duba ƙasa. Ga makulli a aljihu, ga uwa a gaba, kuma ba a haifi ɗan Kalmalo da zai ce wa uwarsa ta daina yi masa addu'a ba.

"Inna, mota ƙarfe ce. Ni ne mai rai. Ki dinga ba ni in sha."

Ta ce wannan ce magana mai hankali ta farko da ta ji daga bakinsa. Ta nemo ƙwarya babba.

Fitila ba ta sake ɗaukewa ba, makulli ya zauna hannun Maccido har lorin ta gama tsufa ta zama akurkin kaji. Sai dai fasinjan Sakkwato sun saba: ba a kai Gwadabawa sai mota ta tsaya, direba ya diro yana riƙe da mazagi, ya nufi cikin gero da sauri.

"Malam direba, mi ya lalace kuma?"

"Ba komai, Baba. Ku zauna. Gyaran fitila ne."