Shirun da aka ɗauka kunya ce

Assalamu alaikum 'yan guruf ɗinmu na karatu, da duk wanda wannan rubutu ya iske.

Na san an daɗe ba a ji ni ba. Har wata ta tambaya ko don marubuciya ta kashe jarumin da nake so ne na yi fushi na ɓace. Ba haka ba ne. Jinya na yi, kuma yau na ji zan iya faɗi.

Abin ya fara bayan mun baro ƙauyenmu kusa da 'Yargoje mun dawo cikin Ƙanƙara saboda 'yan bindiga. Ƙawata Saudatu, wadda muke karɓa-karɓar littafi da ita, ba ta tsira ba. Allah ya jiƙan ta.

Da farko abinci ya fita raina. Sai barci. Sai karatu. Ni da nake ƙona tuwo don in ga ko jaruma za ta amsa wa masoyinta, sai in buɗe shafi in zauna ina kallon shi kamar bango.

Ba wanda ya lura, don dama ni ba mai magana ba ce. Kuma ni ɗiyar fari ce. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, kamar yadda ita ma aka yi mata a gidansu. In tana son abu sai ta ce ma ƙanwata, "Ce ma waccan ta ɗebo ruwa."

Da shiruna ya ƙaru, sai mata suka riƙa yabo. "Hajiya, ɗiyar nan taki akwai kunya."

Ina jin su daga ɗaki. A lokacin na fara cewa a raina, da ma ba ni a duniya. Daga baya tunanin ya wuce "da ma".

Gwaggo Hanne, maƙwabciyarmu mai kitso, ita ta gane. Ta leƙo ta ga kaina, ta ce, "Wannan kitson ai tun ƙauye kika zo da shi. Taho nan."

Na kifa kai a cinyarta. Tana tsifa tana tambaya a hankali, ko ina ci, ko ina barci. Can ta ce, "Hafsa, ni ba ni na haife ki ba, babu kunya tsakaninmu. Kina tunanin kashe kanki?"

Haka kai tsaye, hannunta na cikin gashina.

Na ce e. Ina jin don ba ta ganin fuskata ne na iya.

Ba ta yi salati ba, ba ta ce mani wuta zan shiga ba. Ta ƙarasa layin da ta fara, ta ɗaura mani ɗankwali. "Rabin kitso ma ado ne. Tashi mu je wajen Alhaji babanki."

Baba da Inna suka kai ni asibiti, aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka duba maleriya da taifot. Ba ko ɗaya. Sai aka tura mu Katsina wajen likitan ƙwaƙwalwa. Na ji tsoron sunan ƙwarai, na zaci ɗaure ni za a yi. Ashe kujera ce da tebur da tambayoyi.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana warkewa. Ya dubi Inna ya ce, "Hajiya, kullum ki zauna da ita ki ji mi ke ranta."

Inna ta sunkuyar da kai. "Likita, ta fari ce."

Ya ce, "Na sani, ni ma ɗan fari ne. Amma ciwon nan bai san wannan al'ada ba."

Ƙwaya ɗaya nake sha kullum. Da farko ta sa ni jiri da bushewar baki, kuma sai da aka yi makonni kafin in ji canji. Kuɗin mota zuwa ganin likita ya fi na maganin nauyi, har Baba ya sayar da tunkiya.

Sauran jinyar, unguwa ce ta yi ta. Baba ya kwashe magungunan gona ya kai wa maƙwabci ya kulle. Malam limamin masallacinmu ya zo ya yi mani addu'a, ya ce, "Ki riƙe addu'a, ki riƙe ƙwayar, duk daga Allah suke." Matan layinmu kuwa suka raba kwanaki tsakaninsu. Wannan ta kawo ɓarar gyaɗarta gidanmu, gobe waccan ta zo da tankaɗe, don kada a bar ni ni kaɗai. Ba mai yi mani wa'azi. Gwaggo Hanne ma cewa take, "Ba mu labarin soyayyar nan, mu da aka yi namu zamanin ba a rubuta ba."

Ba zan manta zamanmu na farko da Inna ba. Ita tana kallon tabarma, ni ina kallon ƙofa. Sai ta ce, "Saudatun nan, wane irin littafi ta fi so?" Ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwarta.

Yanzu ina ci, ina barci, na koma makaranta. Wasu ranakun har yanzu da nauyi, amma ina faɗi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Baba da Inna, da likita, da matan layinmu da suka maida tsakar gidanmu wajen aiki saboda ni.

Shawarata kaɗan ce. In yaro ko yarinya ta daina abin da take so, ta daina ci, ta daina wanka da kitso, kada ku tsaya yabon haƙurinta. Ku tambaye ta kai tsaye, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ta amsa, kada ku tsorata ta, kada ku bar ta ita kaɗai, ku ɗauke abin da zai cutar, ku kai ta asibiti. In nauyin bakin ya fi ƙarfin iyaye, a samu gwaggo ko malama ta tambaya.

Ke kuma da kike karanta wannan kina jin kamar labarinki ne, ba sai kin iya bayani mai tsawo ba. Ki samu mutum ɗaya yau, ki ce mashi, "Ba ni da lafiya a raina." Ni kalma ɗaya na iya furtawa, kuma ta isa aka kai ni inda zan warke.