Geron da Kawu Ya Shuka a Fadama

Kawuna, ƙanen Inna, malamin zane ne a ƙasar Turkiyya. Ya fi shekara goma a can yana koya wa 'ya'yan mutane yadda ake riƙe buroshi, abin da mu a Taloka muke goge haƙori da shi kullum ba wanda ya taɓa tafa mana. Idan an yi hutu sai ya hau jirgi ya tafi yawo. Yau ya aiko wa Inna hoto daga Masar, gobe daga Italiya, ko da yaushe da ƙyalle naɗe a wuya kamar mai ciwon maƙogwaro.

Ni ce na gado shi, kuma gadon ya ja mini. Ina da wani littafi da nake zane a ciki. Wata rana na zana babur ɗin Baba. Ban yi masa sharri ba. Na zana shi yadda Allah ya bar shi: madubi ɗaya, kujera ɗaure da roba, salansa rataye da waya, da tsumman da ake toshe tankin mai. Littafin ya zaga gida, ya tsallaka maƙwabta, ya dawo da dariya a bayansa. Baba ya karɓe shi ya kulle a akwatinsa, ya ce zane ya ƙare a gidansa.

Wata uku littafina yana ɗaure tare da takardun gona, sai aka ce Kawu zai zo hutu. Inna ta roƙi Baba ya bar shi ya koya mini. Baba ya ce, "Bari in ga abin da shi ɗin ya iya tukuna. In aiki na, in ba ta littafinta."

Don haka ranar da Kawu ya iso, ba tsarabarsa nake jira ba. Jira nake ya ƙwato ni.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu ya ɗauko wani dogon kwali, ya zaro zane a hankali kamar mai fito da jariri daga wanka. Kafin ya warware sai da ya yi mana lacca. Ya ce fadamar garinmu ce, inda gonar Baba take, da ka ya zana ta saboda kewar gida. Ya ce an rataye ta a wani babban ɗaki mutane suna layi, har wata tsohuwar Baturiya ta tsaya gabanta ta yi hawaye. Na ce a raina, albasa ce, ko a takarda ba ta barin halinta.

Aka warware. Gaskiya ya yi kyau. Ga gulbin Rima yana ƙyalli, ga fangulan albasa kore shar, ga injin ban ruwa. Na fara jin ƙamshin littafina.

Baba ya matso. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa.

"Wanga mi na?"

"Gero na, Yaya," in ji Kawu.

"Gero." Baba ya gyaɗa kai. "Cikin fadama. Tsakiyar albasa. Har ya fidda kai, ana ba shi ruwa da inji."

Na rufe ido. Ko akuyar gidanmu ta san gero na tudu ne, ruwan sama yake sha, kuma kafin a dasa albasar rani ya daɗe da shiga rumbu. Kawu ya haɗa damina da rani a gona ɗaya, ya sa su zaman lafiya.

"Yaya, ai zane ba hoto ba ne," in ji shi. "Abin da zuciya ta tuna ake zanawa."

"To zuciyarka ba ta taɓa noma ba. Kuma waɗanga buhunnan, albasa anka cire?"

"Ita ce."

"Ganyenta na tsaye kamar soja anka cire ta? Ba a bari ya kwanta ba? Kwana nawa za ta yi ba ta ruɓe ba?" Ya juya wurin Inna. "Shi ya sa Baturiyar ta yi kuka. Manomiya ta."

Inna ta cusa baki cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni ban yi dariya ba, wanda a tarihina abin rubutawa ne. Ina kallon littafina yana ƙara nutsewa ƙasan akwati.

Kawu ya cire ƙyallen wuyansa, karo na farko da na ga wuyan tun da aka haife ni. Ya zauna yana duban zanen. Can ya ce, "Wallahi na manta, Yaya. Kullum in na rufe ido a can, tare nake ganinsu." Ya faɗe ta ƙasa-ƙasa. Sannan Kawu ya ce a nuna masa abin da na zana da har ya kai ga ɗauri.

Baba ya tashi ya ɗauko littafin, ina jin don ya nuna cewa cutar ta dangin Inna ce. Ya buɗe shafin babur ya miƙa. Kawu ya duba, ya leƙa zaure inda babur ɗin yake jingine, ya sake dubawa.

"Kai, har tsumman?"

"Har tsumman," in ji Baba. Ya karɓa ya ƙura ido. "Roba uku na ɗaura, uku ta zana. Waya ta salansa, ga ta inda take. Rashin kunya na, amma babu ƙarya ciki." Ya dubi Kawu sama da ƙasa. "Ɗiyata ba ta taɓa shiga jirgi ba, amma ba ta shuka gero cikin ruwa."

Ban taɓa jin an yabi mutum don a zagi wani ya yi mini daɗi haka ba.

Hukuncin da ya yanke shi ne: littafi ya dawo hannuna, amma kullum da safe in raka Kawu fadama. Shi ya koya mini launi, ni in nuna masa abin da ke gabansa. Haka muka yi har hutunsa ya ƙare. Ranar farko takalminsa na Italiya ya maƙale a taɓo, ƙafa ɗaya ce ta dawo gida. Ya koya mini cewa inuwa ba baƙa ba ce, tana da shuɗi a ciki. Na koya masa bambancin albasa da tafarnuwa, abin da ya ce ya sani, yana nuna tafarnuwa wai ita ce albasa.

Da zai koma ya roƙi shafin babur, wai zai nuna wa ɗalibansa yadda ake kallon abu kafin a zana. Baba ya ce a kai, ai ba shi da abin ɓoyewa.

Tun ranar, duk lokacin da Kawu ya kira Inna, sai Baba ya karɓe wayar kafin a gama gaisuwa. Saƙonsa ɗaya ne: a gaya wa yaran nan na Turkiyya cewa ya sa wa babur ɗinsa madubi na biyu.