Lalla Rkia Ta Je Montreal Da Ƙafa

Shekara talatin da ɗaya Lalla Rkia ta yi tana cuɗa bayan mata a gidan wankan unguwarmu a garin Sale na ƙasar Maroko, kuma ni maƙwabciyarta ban taɓa ganinta zaune ba sai a sallah. Ko shayi a tsaye take sha. Tsayuwar nan ce ta ci mata ƙafar hagu, har jini ya taɓa daskare mata a sharaɓa, ta kwana tara a asibiti.

Ana nan sai 'yarta tilo, Btissam, da ke aure a Montreal ta ƙasar Kanada, ta bugo waya ta ce ciki ya tsufa. Haihuwar fari, ba uwa ba dangi a kusa.

Likita ya ce daga Kazablanka zuwa can kilomita wajen dubu biyar da ɗari bakwai ne, awa bakwai da rabi a jirgi. "Lalla, zaman shi ne abin tsoro. In jinin ya sake daskarewa ya haura ƙirji, babu asibiti a sama."

"To in ban zauna ba fa?" in ji ta.

Ya yi dariya, ya ba ta magani da safa mai matse ƙafa, ya ce ta riƙa tashi tana takawa.

Yayanta Si Larbi, mutumin da ko Rabat da ke tsallaken kogi bai cika zuwa ba amma ya fi kowa sanin duniya, ya ce, "Ke da ƙafa ɗaya da rabi? Sai dai ki tafi Kanada a ƙasa." Wallahi na ji haushi kamar ni ya faɗa wa. Ita kuwa ta ce, "Na ji, yaya."

Washegari ta jera kujeru layi biyu a saman bene, ta bar siririyar hanya a tsakiya kamar ta jirgi. Ta zauna minti ashirin, ta tashi ta taka arba'in, ni ina riƙe da agogo ina mita. Mako uku muna haka, har ta cika awa bakwai da rabi ba hutu. A tsakani ta soya ridi da gari ta haɗa sellu, abincin maijego, gwangwani biyu.

Sauran labarin daga bakinta na ji. Da jirgi ya tashi, fitilar ɗaura bel ta mutu, sai ta miƙe. Gaba, baya, gaba, baya. Ma'aikaciyar jirgin ta kira ta Khalti, wato inna, ta ce, "Lafiya dai?" Ta ɗage jallabiya ta nuna mata safar, ta ce, "'Yata, jika zan je tarba, ki bar ni in isa da raina." Kafin a raba teku biyu, tsofaffi huɗu sun bi bayanta, har da wani alhaji mai sanda.

Tana sauka ta karɓi wayar surukinta ta kira Si Larbi. "Yaya, na iso. A ƙasa na zo, yadda ka ce." Sai ya kama tari.

Kwana biyu bayan nan Btissam ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace, hannunta cikin na uwarta. Suka turo mini hoto, na duba na fashe da kuka don daɗi. Ga Rkia a kujera, ƙafar hagu miƙe bisa matashi, jaririya a cinya. A zaune take.