Napaljarri da Ƙasarta da Ta Ƙone

Tun da ƙodarta ta daina aiki, Napaljarri ta zama 'yar birni dole, domin injin wankin ƙoda ba ya barinta ta yi nisa. Ita da ta girma tana ƙona ciyawar hamada kaɗan-kaɗan lokacin sanyi don kare ƙasar daga babbar gobara, sai a bakin mutane ta ji gobara ta cinye ƙasarsu.

Ɗanta Jupurrurla ya kai ta can a mota. Hanya duk toka, itatuwa sun koma gawayi. Can ta hango ɗanyen tsiro a gindin wani kututture.

"Tsaya! Bar ni in kwana nan."

"Inna, gobe ranar wanki ce."

Ta daɗe a durƙushe tana shafa tsiron, sannan ta koma mota.