Rakiyar Iya

A shekarar da wani gidan talabijin ya riƙa nuna wasan Rashawan nan da turanci, ɗakina ya koma gidan kallo. Duk Lahadi bayan la'asar matan gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, sai su ajiye sana'a su cika min tabarma, ni kuma in zama tafinta da ɗan turancina na sakandare. An ce daga wani tsohon littafi aka ɗauko labarin: 'ya'yan sarauta ne masu manyan gidaje, suna ta rawa da shan shayi alhali yaƙi na tunkaro garinsu. Mu dai dariya muke sha. Mata kafaɗa a waje cikin uban sanyi, sunan mutum ɗaya kuwa sai numfashinka ya ɗauke kafin ka kai ƙarshensa.

Iya, mahaifiyata, takan zauna a bakin ƙofa tana ƙulla gyaɗar sayarwa a leda. A Sabo aka haife ta, Yarabanci a bakinta kamar ruwa. Takan ɗaga kai ta ce, "Waɗannan ba su da aikin yi ne?"

Ana cikin haka rikici ya ɓarke a wata kasuwa can bayan gari, tsakanin mutanenmu da 'yan gari. Bai iso Sabo ba, amma jita-jita ta iso. Dangin maigidana suka dame mu da waya daga Arewa, ku dawo gida, ku dawo gida. Shi ɗan kasuwar goro ne, sai ya samar mana wuri a motar da za ta yi lodi zuwa Funtuwa, ni da yara da Iya. Iya ta ce ba inda za ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ko gezau.

Lahadin nan ba wadda ta yi dariya. Rashawan ma gudu suke, an cika kekunan doki da akwatuna da darduma, hayaƙi ya turnuƙe garin. Wani tsoho ya ƙi fita daga gidansa. Iya ta ajiye leda ta ce, "Me ya ce?" Na ce cewa ya yi ba ya tafiya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tashi ta shige ɗakinta. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Amma ranar tafiya da safe sai na gan ta da mayafinta na unguwa, ta rungumo ƙullin kaya, tana bin ɗakuna ana yafe wa juna. Wani sanyi ya ratsa zuciyata, na ce Allah Ya sa ta sauko. Ban tambaye ta komai ba, kada in ɓata abin. Muka shiga keke tare har inda motar take.

Da aka ɗora yara bisa buhunan goro, na miƙa mata hannu. Sai ta ɗora min ƙullin a kai. Dambun nama ne da soyayyiyar gyaɗa, guzurin hanya.

"Iya, hawo mana."

"Rakiya na yo, 'yar nan. Ubana na kwance a garin nan, ubanki ma haka. Wane gida kuma zan koma? Ki yafe min."

Direba na ta danna ham, ƙaramar 'yata na kuka a sama tana kirana. Na hau. Ina ji Iya tana ce wa direban da Yarabanci ya bi hanya a hankali, jikokinta na ciki.

Rikicin bai taɓa shiga Sabo ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita bayan 'yan makonni, muna can muna jiran a ce ƙura ta lafa. Kafin waya ta same ni har an kai ta. Da na tambayi wadda ta yi mata wanka, aka ce matan gidan su ma duk sun watse sun yi Arewa, sai wata Bayarabiya mai sayen gyaɗarta aka kira daga unguwar Mokola ta zuba mata ruwa.